Kafin ka sayar da fili don dashen ƙwai: gwajin maniyyi da hanyoyin magani ga maza

Idan aure ya yi shekara biyu ko uku ba ko ɓatan wata, matar ake fara kallo. Ita za ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta bi layin likitan mata, maigida kuwa yana zaune a mota yana jira. Alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri akwai matsala a ɓangaren namiji, ko dai shi kaɗai ko tare da tata. Gwajinsa kuma shi ne mafi arha da sauƙi, ba allura ba tiyata. Don haka da shi ya kamata a fara kashe kuɗi.

Gwajin yana da ƙa'ida, kuma a nan mutane da dama ke asarar kuɗinsu. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Maniyyin ya zuba gaba ɗaya cikin robar da ɗakin gwaji ya ba ka, musamman zubin farko, domin nan ne ƙwayoyin haihuwa suka fi yawa. Kada a tara shi a kwaroron roba na kanti, sinadarin jikinsa yana kashe su. In a gida ka tara, saka robar a aljihun riga kusa da jikinka, ka kai ta cikin awa ɗaya. Wanda ya ajiye ta a gaban mota cikin ranar watan Afrilu, sakamakon ƙarya zai karɓa.

Ka tambayi ɗakin gwajin da wane ma'auni suke aiki. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa kamar haka: ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, masu tafiya gaba kashi 30 cikin 100, masu kyawun sura kashi 4. Wannan kashi 4 ɗin yana tayar wa maza hankali a banza. Mutum ya ga an rubuta kashi 95 na ƙwayoyinsa ba su da kyawun sura, ya kwana bai runtsa ba, alhali sakamakonsa lafiya lau ne. Kauri ko tsinkewar ruwan a ido, wanda masu magani a tasha ke ta shela a kai da lasifika, ba ya nuna adadin ƙwayoyin da ke ciki.

Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Jiki yana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ko taifot da ya kwantar da kai wata biyu da suka wuce zai iya rage adadin sosai. In sakamako bai yi kyau ba, a maimaita, zai fi kyau bayan wata uku. Akwai wani gwajin mai tsada da ke auna karyewar ƙwayar gado a cikin maniyyi. Ni dai ban ga dalilin biyan kuɗinsa tun farko ba, sai in ɓari yana ta maimaituwa ko an yi dashen ƙwai, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a waje a mayar cikin mahaifa, ya ƙi kamawa.

Bayan gwaji sai likitan mafitsara ya duba ka da hannu. Abin da aka fi samu shi ne kumburin jijiyoyin jini a maraina, galibi na hagu, wanda ke ɗumama wurin. In likita ya ji shi da hannunsa kuma maniyyin ya raunana, ƙaramar tiyata takan gyara adadin cikin wata 3 zuwa 6, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na dashe ba. Sai tsohon ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba, wanda kan toshe hanya, da hangum da ya sauka maraina bayan balaga. Sigari da teɓa da zama cikin zafi suna ragewa. Abin da ya fi damuna shi ne allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, da wasu ke karɓa a kemis da sunan ƙarin ƙarfi: tana sa jiki ya daina ƙera ƙwayoyin, har adadin ya koma sifili. Ƙwayoyin bitamin masu tsada kuwa, hujjar cewa suna kawo haihuwa ba ta da ƙarfi. Kada su ci maka shekara.

In gyara bai wadatar ba, hanyoyi uku ne a gabanka. Ta farko, a wanke maniyyi a zuba shi cikin mahaifa da siririn bututu ranar da ƙwai ya fito, wato IUI. Ita ce mafi arha, amma tana son rauni kaɗan: ƙwayoyi masu motsi su kai miliyan 5 ko fiye, bututun mahaifar matar kuma a buɗe. Nasararta a kowane zagaye ba ta cika wuce ɗaya cikin goma da yawa ba. An yi uku ko huɗu ba labari, a wuce gaba.

Ta biyu ita ce dashen ƙwai, IVF, wanda aka fara haihuwa da shi a Ingila a 1978, a Abuja kuma Dakta Ibrahim Wada ya yi nasararsa a 1998. Ana ciro ƙwan matar a haɗa shi da dubban ƙwayoyin mijin a kwano, su shiga da kansu. Ta uku reshen wannan ce, ICSI, da aka soma a Beljiyam a 1992: ƙwararre zai ɗauki ƙwaya ɗaya tak da allura ya soka ta cikin ƙwai. Ita ce ta buɗe ƙofa ga mazan da adadinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Amma in maniyyinka lafiya yake, ƙarin kuɗin ICSI ba ya ƙara maka damar haihuwa, ko da asibiti ya ce ita ce ta zamani.

Wanda aka ce masa babu ƙwaya ko ɗaya, kada ya yanke ƙauna. In toshewa ce, kusan kullum ana samo ƙwayoyin daga maraina da allura ko ɗan yanka, a yi ICSI da su. In ƙerawar ce ta yi rauni, tiyatar da ake yi da madubin ƙara girma tana samo su a wajen rabin maza. Kafin nan a auna sinadaran jini da ƙwayoyin gado. Wasu asibitocin za su kawo zancen maniyyin wani. Fatawar Azhar ta 1980 ta halatta dashe tsakanin miji da matarsa ne kawai, tun aurensu yana nan.

Ka tuna wahalar dashen a jikin uwargida take: allurai na kusan mako biyu, sannan ciro ƙwai. Shekarunta kuma sun fi komai tasiri, domin nasara tana raguwa bayan 35, ta faɗi sosai bayan 40. In ta kai 38, jiran wata shida bayan tiyatarka yana iya zama asara, gara a tafi dashe kai tsaye.

Kuɗin dashe miliyoyin naira ne, don haka ka nemi lissafi a rubuce: ko ya haɗa da allurai, da ICSI, da ajiyar ragowar ƙwai a ƙanƙara. In sun faɗi nasararsu, ka ce su ba ka adadin jariran da aka haifa ga mata sa'o'in matarka, domin wasu da gwajin ciki kawai suke lissafi. Sannan ka tsaya ka ga an rubuta sunanka a jikin robar maniyyin kafin ta bar hannunka.