Gargaɗi: ana sayar da tsofaffin bawul ɗin rage matsi da sunan sababbi

Masu injin turara shinkafa, masu matsar mai, da duk mai boila a masana'antarsa, a kula. Wasu dillalai na tsinto bawul ɗin rage matsi (wanda ke buɗewa da kansa ya saki tururi idan matsi ya yi wa boila yawa) daga masana'antun da suka rufe, su kankare tsatsa, su fesa fenti, su manna sabon faranti mai lambobi, sannan su tallata shi a Facebook ko WhatsApp da rabin kuɗi, wai ragowar kwangila ne.

Haɗarin yana cikin sifirin da ke danne bawul ɗin a rufe. Kowane sifirin yana da iyakar matsin da aka ƙera shi dominsa. Idan faranti ya ce ba 10 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), alhali sifirin na ciki na ba 16 ne, geji zai wuce iyakar boila, bawul kuwa ko motsi. Tururi a ba 10 zafinsa ya kai digiri 184, kuma ma'aikacin da ke tsaye kusa shi zai fara ɗauka. Idan kuma mazaunin bawul ɗin ya cinye, zai riƙa tsiyayar da tururi, sai wani ya kama notin saitin sifirin ya ƙara ɗaure shi don ya yi shiru. Wannan ɗaurin shi ne mafi muni, domin ya rufe ƙofar tsira kenan.

Kafin a biya, a duba hatimin darma da ke kan wayar notin saiti. In an yanke ko an ƙulla da sabuwar waya, an taɓa ciki. A duba farantin: na asali ƙusoshinsa a daidaice suke, lambar jerin da ke kansa kuma ita ce a takardar gwaji. Mai tambarin ASME (ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai tsara ƙa'idojin boila), harafin V na boila ne, UV na tankin matsi, kada a yarda a ce duk ɗaya ne. Sannan a kai shi teburin gwaji, a ga matsin da yake buɗewa da ido. Sama da psi 70 (psi ma ma'aunin matsi ne, 70 kusan ba 5 kenan), bai kamata ya kauce wa lambar faranti da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Dillalin da ya ce sai an biya kafin a gwada, a bar masa kayansa.

Ƙananan bawul na zubar da ruwa da na ɗibar samfur ma ba su tsira ba. Ana sayar da baƙin ƙarfe mai rufin ƙyalli a matsayin sitenles 316, wani nau'in ƙarfe marar tsatsa. Maganaɗisu zai kama shi da ƙarfi; sitenles na gaske sai dai ɗan ja kaɗan. A nemi takardar EN 10204 3.1, wato shaidar gwajin ƙarfen daga masana'anta, a gwama lambar narki (lambar rukunin ƙarfen da aka narka tare) da ke cikinta da ta jikin ƙarfen.

Sai tiredi, wato zaren da ake murɗa bawul a jikin bututu. Nau'in NPT na Amurka kusurwarsa digiri 60, BSP na Birtaniya 55, amma a bututun rabin inci dukansu zare 14 ne a inci guda, shi ya sa ake cusa wa mai saye wanda bai dace ba. Zai shiga zagaye biyu zuwa uku ya cije, tef ya ɓoye yoyon, har ranar da zafi ya taso.