Hattara da masu tallan ɗanyar hanta da "abincin kakanni" a waya

Jama'a, duk wanda aka turo masa tallan nan mai cewa a daina dafa nama, a koma cin ɗanyar hanta da ɗanyen ƙwai da madarar da ba a tafasa ba, wai don a rabu da ciwon suga da hawan jini da olsa da raunin mazakuta, to ya riƙe kuɗinsa, ya kuma ja kunnen na kusa da shi. Damfara ce, kuma ta fi ta 'yan "turo lambar katinka" muni, domin su aljihu kawai suke taɓawa, wannan kuwa har da hanji da ƙoda.

Tallan da ya shigo gidanmu ta wani zauren WhatsApp ya shigo. Ana fara nuna maka ɗan gajeren bidiyo na wani ƙaton Bature mai gemu, ba riga, ƙirji kamar an sassaƙa, yana yagar ɗanyar hanta da haƙora. An ɗora murya a kai ana cewa haka kakannin ɗan Adam suka rayu, wuta ce ke kashe albarkar abinci, likitoci sun sani amma suna ɓoyewa don su sayar da magani. Shiga zauren farko kyauta ne. Bayan 'yan kwanaki sai a ce akwai "ajin manya" inda ake ba da jadawalin abin da za a ci, wannan sai an biya kuɗin rajista. Wanda ya ce yana ƙyanƙyami ba zai iya haɗiyar ɗanya ba, an tanadar masa kafso na busasshiyar hanta, kwalba a kan kuɗin da zai sayi hantar sa sukutum har da canji. Asusun da ake tura kuɗin na wani mutum ne, ba na kamfani ba, kuma sunan da ke kan asusun daban da wanda mai zauren ke amsawa. "Dakta" ake ce masa. Ba wanda ya taɓa jin asibitin da yake aiki.

Baturen cikin bidiyon ba ɓoyayye ba ne. Sunansa Brian Johnson, mutumin jihar Texas a Amurka, wanda ya yi suna a TikTok da Instagram tun daga 2021 da laƙabin Liver King, wato Sarkin Hanta. A lokacin yana cin ɗanyar hanta da ɓargo da golayen sa a gaban kyamara, yana wa'azin wasu ƙa'idoji tara na rayuwar kakanni, yana kuma da kamfanin Ancestral Supplements mai sayar da kafson kayan ciki. Jikinsa shi ne allon tallansa. An sha tambayarsa a hirarraki ko yana amfani da allurar sitiroyid, irin wadda wasu 'yan ɗaga ƙarfe ke yi don kumbura ƙwanji, yana musantawa. A ƙarshen Nuwamba 2022 wani mai tashar YouTube da ake kira More Plates More Dates ya fito da saƙonnin imel da Johnson ya rubuta, inda ya zayyana allurai da magungunan da yake sha, na kusan dala 11,000 a wata. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a farkon Disamba ya fito da kansa ya amsa cewa ya yi ƙarya, ya nemi afuwa. To jikin da ake nuna wa yaranmu a ce hanta ce ta gina shi, mai jikin ya riga ya faɗa wa duniya abin da ya gina shi shekaru da suka wuce. Bidiyon neman afuwar ne dai ba a ɗora wa murya an turo zaure ba.

Ɗan yayata ne ya faɗa hannunsu. Yaro ne mai son motsa jiki, ramamme tun yana ƙarami, kullum burinsa ya yi ƙiba. Da sassafe yake zuwa wajen mahauta ya sayo hanta tana ɗumi, ya yayyanka ƙanana, ya matsa lemun tsami, ya barbaɗa yaji, ya toshe hanci ya haɗiye ba tauna, ya bi da ɗanyen ƙwai. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji. Da gudawa ta fara sai ya rubuta wa "Dakta", ya kuma nuna mini amsar daga baya da idona: wai albishir ne, dattin shekara da shekaru ne ke fita, kada ya kuskura ya sha maganin asibiti ya ɓata aikin, ya ƙara yawan hantar. Ya ƙara. Ranar da na je gidan na same shi kwance a tabarma, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, bokiti a gefensa. Na ce ya tashi mu tafi asibiti, sai ya ce, "Kawu, ka bari zuwa jibi, an ce rana ta ukun ce mai wuya." Uwarsa ce ta ja ni gefe ta ce, "Tun jiya da jini yake yi." Ba mu ƙara sauraronsa ba. An ƙara masa ruwa, an kwantar da shi, Allah ya sa da sauran kwana. Da ya samu sauƙi ya rubuta abin da ya same shi a zauren don wasu su ji, ba a daɗe ba aka goge saƙon aka cire shi.

Wannan amsa ta "dattin ciki ne ke fita" ita ce ginshiƙin damfarar, kuma ita nake so kowa ya gane, domin da ita suke ɗaure mutum. In ka ji daɗi, tsarin ya yi aiki. In ka kwanta ciwo, tsarin ne ke aiki. In ciwon ya tsananta, kai ne ka karya doka, ko ka ci tuwo a ɓoye, ko imaninka da abin ya yi rauni. Ba wata ƙofa da aka bari da za ka bi ka ce abin nan bai yi ba. Shi ma "Dakta" ba shi ya ƙirƙiro ta ba, aro ya yi daga wani Ba'amurke da ya rigaya Johnson, Aajonus Vonderplanitz, wanda ya kafa tsarin da ya kira Primal Diet. Ya koyar da cewa ƙwayoyin cuta da tsutsar ciki masu share jiki ne, cewa rashin lafiya wankin ciki ne, har yana sa mabiyansa su zuba ɗanyen nama a kwalba su bar shi makonni ya ruɓe sannan su ci. Digirin dakta da yake taƙama da shi daga makarantar da ba hukumar da ta san da ita ya fito. Ya mutu a Agusta 2013 bayan ya faɗo daga bene a ƙasar Tailan, amma koyarwarsa na nan tana yawo a intanet, kowane ɗan damfara na ɗiba yana sa wa sabon suna.

Ga abin da ke cikin ɗanyen nama da ido ba ya gani. Akwai salmonela da kamfilobakta masu kawo gudawa da zazzaɓi, sun fi yawa a kaji da ƙwai. Akwai wani nau'in ikolai mai lamba O157 da ke zaune a hanjin shanu, saniyar lafiyarta ƙalau, amma a jikin mutum yana kawo gudawar jini, a ƙananan yara kuma yana iya tsayar da ƙoda gaba ɗaya. Akwai tsila, wadda ɗanta ke kwance a tsokar naman shanu, in ya shiga hanjin mutum ya girma ya kai mita da yawa, sai bayan wata biyu zuwa uku mutum ya fara ganin gutsattsarinta a bayan gida. A ɗanyar madara akwai tarin fuka na shanu, akwai kuma bakkale, mai sa shanu ɓari, wanda a jikin mutum ke zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa a yi ta yi masa maganin maleriya da taifod a banza, alhali maganinsa na gaskiya haɗin ƙwayoyi ne na wajen mako shida. Lemun tsami ba ya kashe waɗannan, yaji ba ya kashe su, firji ma kwantar da su kawai yake yi. Wuta ce ke kashe su, in zafi ya ratsa har tsakiyar naman ya kai digiri 70.

Masu zauren suna cewa ai nama mai tsabta ba ya cutarwa. Mu duba Japan, ƙasar da ba wanda zai koya wa tsabta, kuma mutanenta sun saba da cin ɗanyen kifi. A 2011 ɗanyen naman shanu da aka ci a rassan wani gidan abinci ya kashe mutum biyar, cikinsu har da yara. Da hukuma ta bincika sai aka samu ƙwayar ikolai har a can cikin tsokar hanta, ba a bayanta kaɗai ba, inda wanki ko fere ba zai kai ba. Daga Yuli 2012 aka haramta wa gidajen abinci sayar da ɗanyar hantar shanu a duk faɗin ƙasar. A Saudiyya kuma, a 1994, wasu mutane sun kamu da annobar da ake kira plague, wadda ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, bayan sun ci ɗanyar hantar raƙumi, biyu suka mutu. To ina ga hantar da aka yanka a kan teburin katako, da wuƙar da aka farke tumbi da ita, ƙuda na sauka yana tashi? Ba aibata mahautanmu nake yi ba, su sun sayar ne a kan za a dafa. Kuma ba a manta ba, a Yuli 2023 aka tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a Suleja ta jihar Neja, cutar da ake iya ɗauka ta cin naman dabbar da ta kamu.

Na ga suna kafa hujja da cewa hanta da saifa halal ne. Haka ne, ba mai jayayya. Amma halaccin abu bai taɓa nufin a ci shi ta yadda zai cutar ba, kuma "Dakta" ba malami ba ne balle ya ba da fatawa.

Ko da an dafa ta, hanta ba abin ci kullum ba ce. Nan ne jikin dabba ke ajiye sinadarin bitamin A, kuma wanda ke cikin giram 100 na hantar shanu ya zarce maikurogiram 3,000 da aka ƙayyade wa baligi a matsayin iyaka a rana. Jiki ba ya zubar da rarar ta fitsari, tara ta yake yi, sai a fara ciwon kai, saɓar fata, zubar gashi, daga baya hantar mutum ta taɓu. Mai ciki ta fi kowa shiga haɗari, don yawansa na iya nakasa ɗan tayi, shi ya sa a Birtaniya ake ce wa masu ciki su guji hanta kwata-kwata. A zauren kuwa na ga ana ba mata masu neman haihuwa shawarar su riƙa ci safe da yamma.

Batun "kakanni" kuma tatsuniya ce. A kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu an samu toka da ƙonannen ƙashi na wajen shekara miliyan ɗaya. A wani wuri mai suna Gesher Benot Ya'aqov, kusa da kogin Urdun, an samu shaidar gasa kifi ta shekara 780,000. Ɗan Adam ya daɗe da sanin wuta. Namu kakannin da muka sani tsire da balangu da farfesu suka bar mana, Fulani kuma sai sun tafasa madara kafin su kwantar da kindirmo. A Habasha, inda cin ɗanyen nama al'ada ce ta gaske, tsila ta zama sananniyar cuta har suna da maganinta na gargajiya daga furen itacen koso.

Za a ce to masu ba da shaida fa, waɗanda suka ce sun rage tumbi, sugansu ya sauka? Wasu ƙarya ce, mai zauren ne da layukan waya daban-daban. Wasu kuma gaskiya suka faɗa, sai dai sun jingina abin inda ba nan ba. Mutumin da ya bar lemun kwalba da burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari dole ya ga canji, ko dafaffen nama yake ci ko wake. Barin sukarin ne ya yi aiki, aka ba ɗanyar hanta lada. Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne masu ciwon suga da hawan jini da ake cewa su ajiye magani. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi wata yana cewa ya warke, sannan a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, lokacin kuwa lambar "Dakta" ba ta shiga.

Kwalbar kafson da yaron ya saya tana wajena. Ba lambar NAFDAC, ba adireshin inda aka yi, ba ranar lalacewa, takardar jiki ma an liƙa ta a karkace. Na buɗe ɗaya, gari ne ruwan ƙasa mai ƙarni. Ko hanta ce, ko ta wace dabba ce, ko yankakkiya ce ko mushe, mai sayarwa kaɗai ya sani.

Wanda ya riga ya fara, ya daina yau. In akwai gudawa a fara shan ruwan gishiri da sukari, amma in an ga jini, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko fitsari ya ragu, musamman a yaro, asibiti za a nufa kai tsaye, kada a tsaya sayen maganin tsayar da gudawa a kemis, don a irin wannan yanayi yana iya ƙara dagula abin. A gaya wa likita gaskiyar abin da aka ci, ɗanyen nama ne ko ɗanyar madara, da lokacin da aka fara, saboda shi zai nuna masa gwajin da zai yi. Wanda ya ajiye maganin suga ko na hawan jini ya koma a auna shi kafin ya ci gaba da sha. Wanda ya tura kuɗi ya ɗauki hoton hirar da shaidar biya tun kafin a goge, ya kai ƙorafi bankinsa, kwalbar kuma ya kai ofishin NAFDAC mafi kusa. In kana cikin zauren, ka tura wa mutanen ciki gargaɗi ɗaya bayan ɗaya ta lambobinsu kafin ka yi magana a fili, don da zarar ka yi za a cire ka.