Injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 56: abin da na gani bayan zubi biyu

A watan Nuwamba na sayi injin nan, irin na roba mai juya ƙwai da kansa, wanda ke aiki da wutar lantarki ko batir. A Rigasa nake, don haka batirin ne ya fara jan hankalina, kuma bai ba ni kunya ba. Ana ɗauke wuta sai in mayar da shi kan batir, zafinsa na nan a digiri 37.5 na Celsius ba ya gezau.

Zubin farko ƙwai 50 na sa, 'yan tsaki 14 kacal suka fito. Na fasa sauran don in ga inda gizo ke saƙa. Baragurbi bai wuce takwas ba. Ragowar duk 'yan tsaki ne cikakku da gashinsu, wasu har sun huda ɓawo da baki, amma tantanin ciki ya bushe ya manne musu kamar leda, suka mutu a ciki. Wallahi ranar abinci bai shiga cikina ba.

Ashe ma'aunin danshin injin ne ba ya faɗin gaskiya. Maƙwabciyata da ta daɗe tana kiwo ta ara mini nata, muka ajiye a ciki: na injin na nuna kashi 65 cikin ɗari, nata 45. Iskar hunturun nan da ke tsaga mana leɓe ita ke shanye ruwan farantin da ke ba injin danshi kafin gari ya waye. Ni ma na ƙara da nawa, don ɗoki ya sa ina ta buɗe murfi ina leƙe a kwanakin ƙarshe, ɗan danshin da ya taru yana fita.

A zubi na biyu na sayi ma'auni daban, na zaɓi ƙwan da bai wuce mako guda da nasawa ba. Ranar bakwai na haska su da tocila na ware marasa jijiya. Danshi na riƙe shi tsakanin 50 da 55 har kwana 18, sannan na tsayar da juyi, na sa soso biyu cikin ruwan ɗumi ya hau kusan 70. Murfi kuwa ban sake taɓa shi ba sai da kwana 21 suka cika. Cikin 45 na sami 36.

Injin ya ci kuɗinsa, amma duk mai saye a Kaduna ya haɗa da ma'aunin danshi tun a shago. Ƙwan zabi nake jira in gwada da damina, tunda shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28.