Birni, kufai da dutse a tafiya ɗaya: Jodan, Maroko, Peru ko Habasha?

Mai hutun kwana goma da ke son ya zaga babban birni, ya taka kufan mutanen da, sannan ya hau dutse ya leƙo duniya daga sama, yakan fara zaɓe da hotuna. Hoto kuwa ba ya nuna awowin da ke tsakanin wannan wuri da wancan. Ni kafin in dubi farashin tikiti, abu biyu nake aunawa: kwana nawa hanya za ta cinye tsakanin wuraren uku, kuma jiki zai iya da tsayin dutsen?

Idan kusanci ne ma'auni, Jodan ba ta da na biyu. A tsakiyar Amman akwai dandalin kallo na Rumawa mai ɗaukar mutum 6,000, an sassaƙa shi a jikin tudu. Jarash, ɗaya daga cikin garuruwan Rumawa da suka fi tsira da siffarsu, tana kilomita 50 a arewa, ka je da safe ka dawo kafin la'asar. Petra kuma, tsohon birnin mutanen da ake kira Nabatawa, awa uku ce a mota ta kudu. Shigarta ta wani tsagin dutse ne mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, wanda a wasu wurare faɗinsa bai wuce mita uku ba. Kana tafe cikin inuwa da sanyi, sai ka hango wani jan haske ta ƙarshen tsagin, ashe fuskar Khazna ce, ginin da Nabatawa suka sassaƙa a jikin dutse kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Mai ƙarfin gwiwa ya ƙara matakala kusan 800 zuwa Ad-Deir, wani babban ginin da shi ma aka sassaƙa a jikin dutse. Sai dai a faɗi gaskiya, duwatsun Jodan na hamada ne. Wadi Rum akwai kyau, jan rairayi da manyan duwatsu tsaye, amma wanda zuciyarsa ke kan kwari mai ciyawa da ƙanƙara a saman tsauni zai dawo da saura. Akwai takardar Jordan Pass da ke haɗa kuɗin shiga Petra da sauran wurare, har ta ɗauke kuɗin biza ga wanda zai kwana uku ko fiye, amma wannan rangwamen bai shafi kowane fasfo ba, a bincika kafin a biya.

Maroko ita ce ta haɗa birni da dutse har kamar da gangan. Daga Marakish, garin da Murabiɗai suka kafa wajen 1070, kana hango tsaunukan Atlas ta bayan hasumiyar masallacin Kutubiyya idan gari ya waye garau. Awa ɗaya da rabi a mota ka isa ƙauyen Imlil, inda za ka tarar da alfadarai a jere ana ɗaura musu kayan masu hawan Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Kwana biyu ake yi, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora. Ba dole ba ne ma ka kai ƙoli. Yawon yini guda tsakanin ƙauyukan Barbar ya wadatar da mutane da yawa. Girgizar ƙasar Satumbar 2023 ta yi ɓarna a wannan yanki, don haka ka tambayi halin da masauki da hanya suke ciki.

Inda Maroko ke yaudarar mutum shi ne tarihi. Kufan Rumawa na Walili suna can arewa kusa da Miknas, haka Fas da masallacinta na Ƙarawiyyin da aka kafa a 859. Jirgin ƙasa daga Marakish zuwa Fas yana cin kusan awa bakwai. Wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa ta filin jirgi ɗaya ya yi asarar yini biyu a kujera. Dabarar ita ce ka sauka ta Fas ka tashi ta Marakish, ko akasin haka. Ɗan ƙarin da za a caje ka bai kai darajar yinin da ka tsira da shi ba.

Peru ce mai hoton da ya fi jan hankali, ita ce kuma ta fi neman shiri. Lima tana bakin teku, Kusko tana mita 3,400, tsakaninsu awa ɗaya da rabi a jirgi. Jiki ba ya son irin wannan tsalle. A wannan tsayi kowane numfashi yana kawo maka kusan kashi biyu cikin uku ne na iskar da ka saba samu a bakin teku, sai ka ga ƙato ya hau bene ɗaya da jaka ya tsaya yana haki, ga ciwon kai, ga barci ya ƙi zuwa. Ba ruwan wannan da ƙarfi ko ƙuruciya. Masu wayo ba sa kwana a Kusko ranar farko, sukan gangara garin Ollantaytambo, wajen mita 2,800, su yi kwana biyu. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne Machu Picchu, kufan da mutanen tsohuwar daular Inka suka gina wajen 1450, tana mita 2,430 ne, ƙasa da Kusko sosai. Tikitinta ƙidayayye ne, da lokacin shiga da hanyar da za ka bi a rubuce. Tafiyar ƙafa ta kwana huɗu a tsohuwar hanyar Inka mutum 500 kawai ake bai wa izini a rana, har da 'yan dako, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu. Ba na ba kowa shawarar Peru da ƙasa da mako biyu.

Habasha ba ta gaza su ba: ƙasusuwan Lucy, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, masu shekara miliyan 3.2 a Adis Ababa, coci 11 da aka fafe cikin dutse a Lalibela, fadojin Gondar na ƙarni na 17, ga tsaunukan Simien da garken birai gelada. Amma yankin Amhara, inda ukun ƙarshe suke, ya shiga rikici tun 2023. Sai labarin tsaro ya yi daɗi.

Da za a ba ni mako ɗaya, Jodan zan nufa a watan Maris ko Afrilu. Kwana goma, Maroko a Afrilu, Mayu ko Oktoba, don zafin Marakish a Yuli ba na yawo ba ne. Peru daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya ɗauke.

Batun bin kamfanin yawon buɗe ido ko shirya abinka da kanka, birni ba ya bukatar kowa, ƙafarka ta isa. Sashen dutse ne ya cancanci a biya masana. Idan kamfani ya kawo maka tsari, ƙirga darare maimakon sunayen wurare, duk tsarin da ke sauya otal kowace safiya yawon mota ne. Ka kuma karanta takardar inshorar tafiya da kyau: da yawa suna da iyakar tsayin da suke ɗaukar nauyi, kuma Tubkal ko hanyar Inka, wadda ke haura mita 4,200, na iya zarce ta.