Gargaɗi ga maniyyata: bizar ziyara ba ta kai mutum Arfa

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake da mahaifi ko mahaifiya a gida da ke tara kuɗin Makka, don Allah ya karanta wannan har ƙarshe, ya kuma zauna ya karanta musu.

Daga watan azumi zuwa Shawwal, tallace-tallacen "Hajji a sauƙaƙe" kan cika WhatsApp da Facebook. Za ka ga hoton Ka'aba, hoton otal mai kallon Harami, da lambar waya a ƙasa. A Hajjin 2025 kujerar hukuma a Najeriya ta haura naira miliyan 8, sai ga wani yana cewa da rabin wannan zai kai ka. Idan ka kira shi, magana mai daɗi zai yi maka: "Alhaji, ai mu muna da hanya. Bizar ziyara za mu ciro maka, ka shiga da wuri, ka zauna wajen mutanenmu a Makka, ranar Arfa mu shigar da kai." Mafi yawan masu wannan sana'a ba baƙi ba ne. Ɗan unguwa ne, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ko wata hajiya da ake adashi tare. Wannan sabon shi yake hana mutane tambayar takarda, don suna jin nauyi.

Ku san wannan da kyau: bizar ziyara, da ta yawon buɗe ido, da ta Umra, babu wadda ake aikin Hajji da ita. Hajji bizarsa daban ce. Saudiyya tana ba kowace ƙasa adadin kujerunta, kamar yadda Najeriya ta samu 95,000 a 2023 da 2024, kuma hanyarsu biyu ce kawai. Ko dai ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiharka a ƙarƙashin NAHCON, wato hukumar alhazai ta ƙasa, ko ta kamfanin jirgin yawo da NAHCON ta ba lasisi kuma ta ware masa kujeru a wannan shekarar. A Nijar kuwa hukumar COHO ce ke kula da harkar. Wanda ya ce maka yana da wata ƙofa ta uku, ƙarya yake yi ko da ya rantse.

Cutar iri biyu ce. Wani ya karɓi kuɗin ya kashe waya, ko ya yi ta ɗaga maka ranar tashi har jirgin ƙarshe ya bar Kano. Wannan asarar dukiya ce, mai ciwo, musamman ga wanda ya sayar da gona ko shanu. Amma wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda zai cika rabin alkawari, ya sa ka a jirgi da gaske, ya sauke ka a Jidda, daga nan kuma ka zama abin ɓoyewa.

Kowane alhaji na halak ana ba shi katin Nusuk, wanda yake ratayawa a wuya. Da shi ake shiga Makka a lokacin Hajji, da shi ake shiga tantin Mina da na Arfa, da shi ake hawa motocin alhazai. Wanda ba shi da shi ba ya da tanti mai sanyi, ba ya cikin lissafin abinci, babu mota, kuma tsoron kamu kan hana shi zuwa asibiti ko da jiki ya ƙi. A ƙafa zai yi Mina zuwa Arfa zuwa Muzdalifa, cikin rana, yana kauce wa jami'an tsaro. Ku tuna abin da ya faru a watan Yunin 2024. Zafi a Makka ya kai digiri 51.8, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji. Da yawansu tsofaffi ne masu ciwon yau da gobe, wasu ma an sha wuya kafin a gane ko su wane ne, tunda babu takardar shaida a jikinsu. Bayan abin ya faru Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka yi jigilar mutane ta wannan hanya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya karɓi niyyarsu. Waɗanda suka karɓi kuɗinsu sun san sarai inda suke tura su.

Ko mutum ya tsira da lafiyarsa, akwai hukunci. A 2025 Saudiyya ta hana duk mai bizar ziyara shiga Makka ko zama a cikinta daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji. Wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini, tararsa tana kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɗauko shi a mota ko ya ba shi masauki, tasa tana kai riyal 100,000. Ka ga ɗan uwan da ke zaune a can, wanda aka ce "zai riƙe ka", shi ma an jefa shi cikin masifa. Dattijo mai shekara 70 da aka rufe wa ƙofa shekara 10 kuwa, sai dai wani ikon Allah.

Wasu daga cikin dillalan nan har da addini suke fakewa, suna cewa ɗakin Allah ba na kowa ba ne, babu mai hana bawa amsa kira. A 2024 majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta fitar da bayani cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, kuma wanda ya kasa samun izinin yana cikin hukuncin wanda bai samu iko ba. Allah bai ɗora wa Baba Hajji ta ɓarauniyar hanya ba. Idan kuɗin bai kai ba bana, akwai asusun adashin gata na Hajji da NAHCON ta buɗe tare da bankin Jaiz tun 2020, a riƙa zubawa a hankali.

Kafin ku ba kowa ko sisi, ku je ofishin hukumar alhazai ta jiha da ƙafarku, ko wajen jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku. In kamfani ne, ku nemi sunansa a jerin da NAHCON ke fitarwa na wannan shekarar, domin lasisin bara ba ya nufin yana da kujera bana, kuma takardar da aka lanƙaya a bango kowa na iya buga irinta. Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Sunan da ke kan asusun ya zama na hukumar ko na kamfanin, a ba ku rasit mai hatimi, a kuma rubuta muku sunan otal na Makka da Madina da matsayin tantinku a Mina. Wanda ya ce "a tura yau, gobe za a rufe", yana so ne ya hana ku bincike.

Idan biza ta fito, ku karanta ta da idonku, ko ku ba yaron da ya iya ya karanta muku. Irin bizar a rubuce yake a jikinta, kuma ana iya duba ingancinta a shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya da lambar fasfo. Fasfon kansa ya zama yana da sauran aƙalla wata 6. Allurar sanƙarau da ta shawara a yi su da gaske a asibitin da hukuma ta ware. Masu sayar da katin rigakafi ba tare da allura ba su ma 'yan wannan layin ne. Kuma kada ku karɓi jaka ko ƙunshin wani a filin jirgi, ko da an ce magani ne za a kai wa mara lafiya.

Wanda ya riga ya biya kuma ya fara zargi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin murya, da hoton tallar, ya kai ƙara NAHCON da 'yan sanda ko EFCC tun dillalin bai canja layi ba. In kuma an riga an buga masa bizar ziyara an ce ya shirya kaya, ya fasa tafiyar, ya tsaya a gida ya bi kuɗinsa.