Windows ta ƙi shiga kwamfuta: me za ka fara saya?

Idan girka Windows ya cije a tsakiya, sau da yawa abin da ake fara gaya wa mutum shi ne faifan ajiyarsa ya mutu, ko kwamfutar ta tsufa. Yakan zama gaskiya. Amma kafin ka zaro kuɗi, fara zargin abin da ya fi arha, wato filashin da kake girkawa da shi.

Microsoft na neman filashi mai 8GB zuwa sama. Matsalar ita ce jabu ya cika kasuwa: a jikinsa an rubuta 64GB, cikinsa ko rabin haka bai kai ba, sai ya riƙa lalata fayiloli ba tare da ka sani ba. Gara ka sayi mai 16GB na asali da mai 128GB da aka karyar da kuɗinsa. Manhajar H2testw kyauta ce, za ta nuna maka ainihin girmansa. Sannan ka ɗora Windows a kansa da manhajar Media Creation Tool ko ta Rufus. Kada ka kwafa da hannu, don FAT32, tsarin da filashi kan zo da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, kuma babban fayil ɗin Windows yakan wuce haka.

Akwai matsaloli biyu da ba sa bukatar ko sisi. Idan saƙon kuskuren da ya fito ya ambaci GPT ko MBR (nau'o'in tsarin faifai biyu), saɓani ne tsakanin tsarin faifan da yadda kwamfutar ta tashi, UEFI ko Legacy. A BIOS ake gyarawa, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ko a sake tsara faifan, sai dai wannan na share komai, don haka kwashe hotunanka da takardunka tukuna. Idan kuma faifan bai bayyana ba sam a laftof mai firosesan Intel zubi na 11 zuwa sama, yawanci direban Intel RST ne babu, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta ga faifan.

Lambar kuskure 0x8007025D kuwa ta fi nuna matsala a filashi ko a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Gwada RAM ɗin da manhajar MemTest86, ko ka cire sandar RAM ɗaya idan biyu ne, ka sake girkawa. In za ka saya, tafi da tsohuwar a hannu: DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, wasu laftof kuma sai DDR3L.

Sai faifan ajiya, inda ya cancanci a kashe kuɗi. Sa shi a wata kwamfuta, manhajar CrystalDiskInfo ta duba lafiyarsa. In ya lalace, shawarata ka ɗauki SSD (sabon nau'in faifai) mai 256GB ka bar HDD (tsohon nau'i mai juyawa) mai 1TB, ko da kuɗinsu ɗaya. SSD mai mahaɗin SATA na karanta wajen 500MB a daƙiƙa, ninkin HDD na laftof sau huɗu ko biyar, kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa balle faɗuwa ta illata shi da sauƙi. HDD ya fi dacewa da mai tara bidiyo, shi ma a matsayin ajiya ta biyu. Duba gurbin kafin ka biya, domin ba kowane gurbin SSD na M.2 ke karɓar nau'in SSD na NVMe ba.

Sayen wata kwamfutar shi ne zaɓi na ƙarshe. Windows 11 na neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, RAM 4GB, ajiya 64GB, da Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Rufus na iya tsallake sharuɗɗan, amma Microsoft ba ta lamunce maka sabuntawa ba. Idan aikinka rubutu ne da intanet, Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, kuma tsohuwar taka za ta ɗauke ta. In kuwa dole sai Windows 11, kuma ta hannu za ka saya, karanta lambar farko bayan i5 ko i7 a sunan firosesan, ita ce zubinsa (daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyun farko ne): i5-8250U ta cika sharaɗi, i5-7200U ba ta cika ba, komai ƙyallin jikinta.