Gidan gem ɗin da ake tashin mutum daga kujera

Tun zamanin wasan ƙwallo na FIFA 18 nake zaryar gidajen gem a Kano, har aka sauya wa wasan suna zuwa FC a 2023. Abin da na tsira da shi: ciwon ƙugu, wuya a sandare, idanu kamar an watsa musu barkono. Yawancin wuraren benci ne kawai a ɗaki mai duhu, talabijin can sama kusa da silin, sai ka ɗaga kai kamar mai duban wata.

Wata uku ke nan da na koma wani ɗan shago a Zoo Road. Na'ura biyar ce, PS4 huɗu da PS5 ɗaya. Kujerun roba ne masu majingina, talabijin kuma daidai da idon wanda yake zaune. Ba a kashe fitila. Cikin mako biyu na daina tashi da ciwon wuya.

Amma mai wurin ne ya riƙe ni. In ka buga wasa uku a jere, ko kai ke ci, zai dafa kafaɗarka ya ce, "Ƙanena, tashi ka miƙe ƙafa, pad ɗin ba zai gudu ba." Pad shi ne abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan. Ranar farko na ji haushi ƙwarai, don na kama wani yaro ina zuba masa ƙwallaye. Mai wurin ne ya koya mini dabarar likitocin ido: duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, saboda mai kallon allo yana rage ƙifta ido, idon ya bushe. Akwai wata darbejiya a tsallaken titi, ita nake kallo.

An hana caca, ko ta kuɗin fiya wata ce, shi ya sa ba a jin ashar kamar sauran wurare. Ana kiran salla a kashe komai, ƙarfe goma na dare a rufe. Na taɓa ganin mai wurin ya kori wani ɗan makaranta da ya shigo da yunifom da hantsi. Ban ga laifinsa ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, kuma babbar alamarta ita ce wasa ya ture karatu da aiki da barci. Ni ma na taɓa kwana a kan pad ana gobe jarrabawa.

Wurin yana da nasa aibun. In aka ɗauke wuta, hayaƙin janareta yana shigowa ta taga, fanka ɗaya kuma ba ta isar ɗakin a zafin Afrilu. Kuɗinsu ya ɗara na maƙwabta kaɗan, layin PS5 kuwa sai mai haƙuri. Ka je bayan la'asar ranar aiki, ka guji pad ɗin na'ura ta biyu, yana janye ɗan wasa hagu shi kaɗai.